Tsofaffin finafinan katun a intanet: wa ke adana su, kuma yaya ake yi?

Akwai finafinan katun da suka yi kwantai a sinima, kamfanonin da suka yi su suka juya musu baya, amma wasu tsirarun masoya suka ƙi bari a manta da su. Yawancin masu kallonsu a yau a intanet suka fara cin karo da su, sau da yawa a wani kwafi mai dishi-dishi da wani bawan Allah ya ɗora shekarun baya. Ga tambayoyin da suka fi yawan tasowa idan ana zancen tsirar da irin waɗannan finafinai.

Waɗanne irin finafinai ake magana a kai?

Waɗanda ba su yi kasuwa ba lokacin da suka fito, ko ba a taɓa sakin su yadda ya kamata ba, amma daga baya suka tara 'yan ga-ni-kashe-ni. The Iron Giant na Brad Bird ya fito a 1999, abin da ya tara a sinima bai kai kuɗin da aka kashe masa ba, yau kuwa ana lissafa shi cikin fitattu. Shi ya yi sa'a, domin babban kamfani ke riƙe da shi. Waɗanda suka fi shan wahala su ne irin Son of the White Mare, wanda Marcell Jankovics ya yi a Hungari a 1981, ya kuma shafe kusan shekara 40 kafin a sake shi a hukumance a Amurka. Haka Angel's Egg na Mamoru Oshii, na 1985, da mutane da yawa a wajen Japan ba su san shi ba sai ta kwafin da masoya suka riƙa miƙa wa juna.

Tunda ina iya kallon fim a YouTube, ai an riga an adana shi ke nan ko?

A'a, kuma wannan zaton shi ne ya fi yi wa harkar illa. Abin da kake gani a YouTube rumfar haya ce a kasuwar wani, ranar da mai kasuwa ya ce a tashi, an tashi. Mai haƙƙin mallaka na iya shigar da ƙorafi a cire bidiyo, kuma idan ƙorafi ya kai 3 a kan tasha ɗaya ana iya rufe ta da duk abin da ke cikinta, har da finafinan da babu wanda ya ce uffan a kansu. Shi kansa kamfanin ma yana iya mutuwa. An rufe shafin intanet na GeoCities a 2009, hukumomin Amurka sun rufe shafin ajiyar fayiloli na Megaupload a 2012, dandalin sada zumunta na Myspace kuma ya amsa a 2019 cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora masa na tsawon shekara 12 sun salwanta wajen sauya kwamfutoci.

Ko bidiyon yana nan daram, sai a tambaya wane irin kwafi ne. YouTube na matse duk abin da aka ɗora don ya yi saurin buɗewa. Wani ya sauke, ya sake ɗorawa, an sake matsewa. Kafin a yi haka sau uku ko huɗu, siraran layukan fensir sun narke, duhun dare ya koma dabbare-dabbare. Wani kwafin kuma daga kaset ɗin Turai aka ɗauko shi, inda talabijin ke nuna hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24 na sinima, don haka fim ɗin na gudu da ƙarin saurin kusan kashi 4 cikin 100, muryoyin ma sun ɗan yi sama. Wani an datse masa sama da ƙasa don ya cika faffaɗan allo. Mai kallo bai san duk wannan ba, yana zaton haka mai zanen ya yi abinsa.

Idan masu sana'ar suka ce an adana fim, nufinsu an nemo mafi kyawun abin da ya rage na asali, an yi masa sikanin ba tare da matsewa ba, an ajiye kwafi a wurare daban-daban, an kuma rubuta daga ina ya fito. Aikin intanet shi ne kai fim ɗin gaban jama'a, kuma a wannan fanni babu na biyunsa.

Me ke lalata naɗin fim na asali?

Ya danganta da abin da aka yi shi da shi. Har zuwa farkon shekarun 1950, finafinan sinima a kan leda mai sinadarin naitiret ake buga su. Wannan leda tana kama wuta cikin sauƙi, kuma idan ta kama ko ruwa ba ya kashe ta, domin da kanta take samar da iskar da wutar ke ci. Gobarar ma'ajiyar kamfanin Fox a New Jersey a 1937 da ta MGM a 1965 sun cinye finafinan da har gobe ba a sami madadinsu ba. Wadda wuta ta bari kuwa, a hankali take yin danƙo, ta manne, ta ƙare a matsayin gari mai launin ƙasa.

Ledar asitet da ta maye gurbinta ba ta da wannan haɗarin wuta, amma tana da nata ciwon. Ma'aikacin ma'ajiya zai ɗaga murfin gwangwanin fim, wani wari mai tsami kamar na binega ya buge shi a hanci. Ya jawo bakin naɗin, sai ya ga ya motse, ya kanannaɗe, ramukan gefensa sun daina dacewa da haƙoran na'ura. Da zarar an ji wannan wari, ba a mayar da fim ɗin yadda yake, sai dai a rage saurin lalacewar da sanyi, a kuma raba shi da sauran gwangwanaye kada ya shafa musu. Launi ma yana gudu: kwafe da yawa na shekarun 1950 zuwa 1970 sun koma jajaye, shuɗi da rawaya sun kama gabansu. Shi ya sa Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka yake ajiye nasa a ɗakunan sanyi a Culpeper, jihar Virginia.

Katun yana da ƙarin asara ta kansa. Kowane motsi a kan farar leda mai shara-shara aka zana shi aka shafa fenti, kuma situdiyo da yawa sun ɗauki waɗannan ledoji a matsayin shara. Wasu an wanke su an sake zane a kai, wasu an zubar.

Akwai waɗanda suka ɓata gaba ɗaya?

Da yawa. Fim ɗin da ake ɗauka shi ne dogon katun na farko a duniya, El Apóstol, wanda Quirino Cristiani ya yi a Ajantina a 1917, ya ƙone a gobara a 1926, ba a sami wani kwafinsa ba. Mafi tsufa da ya rage shi ne na Lotte Reiniger 'yar Jamus, kan Yarima Ahmad na tatsuniyoyin Dare Dubu da Ɗaya, wanda ya fito a 1926. Da almakashi ta yanka siffofin mutanen, tana motsa su kaɗan-kaɗan a kan gilashi mai haske. Shi ma asalinsa na Jamus bai tsira ba. Wani kwafi mai launi da ke ajiye a Landan ne ya cece shi, daga shi aka gyara fim ɗin a ƙarshen shekarun 1990.

Abin lura a nan, da yawa daga cikin finafinan da suka dawo daga ɓata a wata ƙasa aka tsince su. Cikin gajerun katun na zomon nan Oswald da Walt Disney ya yi kafin Mickey, an gano ɗaya a Norwe a 2014, wani a ma'ajiyar finafinai ta Birtaniya a 2015, wani kuma a Japan a 2018, a hannun wani dattijo da ya saye shi tun yana ɗan makaranta.

To su wa ke yin wannan aiki?

Akwai ma'ajiyun gwamnatoci, waɗanda ke da ɗakunan sanyi da ƙwararru amma suna tafiyar hawainiya. Wasunsu sun buɗe ƙofa: ma'ajiyar finafinai ta Japan ta ɗora tsofaffin katun 64 a intanet kyauta a 2017, don cikar katun ɗin ƙasar shekara 100, hukumar finafinai ta Kanada ma ta daɗe tana nuna nata kyauta. Akwai Internet Archive, wanda Brewster Kahle ya kafa a 1996 a San Francisco, inda kowa zai iya ɗora abu. Yana da amfani ƙwarai, sai dai shi ma ba a ɗora masa dukkan kaya, domin ya sha kaye a kotu a hannun masu buga littattafai, kuma a watan Oktoban 2024 masu kutse sun durƙusar da shi na kwanaki.

Sai ƙananan kamfanoni irin su Arbelos da Discotek da Thunderbean, masu neman izini su gyara fim su fitar da shi a faifai. Sai kuma masoya, waɗanda ba su da izinin kowa, ba su da albashi, amma su ne ke riƙe da fim a tsawon shekarun da babu wanda ya damu da shi.

Wane misali ne ya fi nuna abin da masoya za su iya yi?

Labarin The Thief and the Cobbler. Richard Williams, ɗan Kanada mazaunin Landan, ya fara wannan fim a 1964. Yana yin tallace-tallace yana zuba kuɗin a ciki, da burin ya yi katun ɗin hannu da ba a taɓa ganin irinsa ba. Bayan nasarar Who Framed Roger Rabbit a 1988, wanda shi ya jagoranci zanen katun ɗinsa, kamfanin Warner ya yarda ya ɗauki nauyi. Wa'adi ya cika aiki bai kammalu ba, ga Aladdin na Disney yana tafe da labari mai kama da nasa. A 1992 kamfanin inshorar da ya tsaya wa fim ɗin ya ƙwace shi daga hannun Williams, bayan wahalar shekara 28. Aka ba wani ya ƙarasa shi cikin gaggawa da araha, aka cusa waƙoƙi, aka yanke wurare masu yawa. A sigar da Miramax ya fitar a 1995, ɓarawon da Williams ya zana bebe, wanda duk barkwancinsa a motsin jikinsa yake, sai ga shi an sa masa murya yana ta zuba.

A 2006 wani mai suna Garrett Gilchrist ya zauna ya sake harhaɗa fim ɗin yadda Williams ya tsara. Ya tattaro faifan da aka fitar a Japan, da wani tsohon kwafin gwaji da ya daɗe yana yawo a kaset, da guntayen da tsofaffin ma'aikatan situdiyon suka aiko masa. Kallon wannan aiki abin mamaki ne. Kana cikin kallon hoto tangaran mai launi, sai ya rikiɗe ya koma zanen fensir da ba a shafa wa fenti ba, daƙiƙa biyar sai ga hoton kaset mai hazo, sannan launi ya dawo, amma motsin mutumin bai katse ba ko kaɗan. Bai ɓoye ɗinkin ba, kuma a ganina nan ne ya fi burgewa, domin mai kallo yana ganin daidai inda aka tsayar da Williams. Ya sake fitar da ingantacciyar siga a 2013. A ƙarshen wannan shekarar kuma cibiyar da ke ba da kyautar Oscar ta nuna kwafin gwajin Williams na 1992, wanda ma'ajiyarta ta adana, shi kansa yana wurin. Ya rasu a 2019.

Yaya ake gano fim ɗin da ko sunansa ba a sani ba?

Da taron dangi. A 2012 wani ya ba da labarin wani gajeren katun da ya tsorata shi yana yaro a shekarun 1980: wani mutum yana fitowa daga agogon bango da tsakar dare ya ɗauke yaro. Ba suna, ba ƙasa, ba shekara. Masu bibiyar ɓatattun finafinai a shafin Lost Media Wiki suka shafe shekara 5 suna tono, sai a watan Disambar 2017 aka gano ashe fim ne na ƙasar Chekoslobakiya na 1976, kuma yana nan a YouTube da sunansa na harshen ƙasar. Wato bai ɓata ba, sanin sunansa ne ya ɓata. Irin haka ta faru da Project A-ko na Japan: an daɗe ana cewa asalin naɗinsa ya salwanta, sai a 2021 aka same shi a ma'ajiya, an jera shi a ƙarƙashin sunan wani fim daban.

Me ya sa kamfanoni ba za su saki finafinansu kawai ba?

Wani lokaci ba su da ikon. Heavy Metal na 1981 bai fito a kaset a hukumance ba sai 1996, saboda rikicin haƙƙin waƙoƙin da ke cikinsa. Wani lokaci situdiyon ya rushe, an sayar da kadarorinsa hannu zuwa hannu har ba a san mai fim ɗin ba. Irin waɗannan ake kira marayun finafinai: babu mai ba da izini, kuma babu ma'ajiyar da ke son a wayi gari wani ya ɓullo da lauya.

Wani lokacin kuwa lissafin kuɗi ne tsagwaronsa. A watan Agustan 2022 dandalin kallo na HBO Max ya cire shirye-shirye fiye da 30, da yawansu katun, ciki har da Infinity Train. A watan Nuwamban 2023 Warner ya sanar da cewa zai jingine Coyote vs. Acme, fim ɗin da an riga an gama shi, don samun rangwamen haraji. Sai da aka yi ta surutu kafin aka sayar da shi ga wani kamfani a 2025. Kuɗin wata-wata da kake biyan manhajar kallo izinin leƙawa kawai yake saya maka.

Ɗora fim ɗin da ba naka ba, ai satar fasaha ce ko?

A doka, yawanci e. Kyakkyawar niyya ba ta goge haƙƙin mallaka, kuma cewa kamfani ya daina sayar da fim bai mayar da shi na kowa ba. Amma ni ba na sa mutum biyu a ma'auni ɗaya: wanda ya ɗora fim ɗin da ake sayarwa yanzu haka don ya ci kuɗin talla, da wanda ya ɗora kwafin da ya rage na fim ɗin da shekara 30 babu inda za a saye shi. Masu mutunci a cikin masoya suna da ƙa'idar da suke bi: ba a karɓar ko sisi, kuma ranar da fim ya fito a hukumance a cire nasu a je a saya. Wannan sayen yana da muhimmanci, domin ƙaramin kamfanin da ya kashe kuɗi ya gyara fim ɗaya, da cinikinsa zai gyara na gaba.

Yaushe fim ke zama na kowa da kowa?

Kowace ƙasa da dokarta. A Amurka, tsofaffin finafinai suna fita daga haƙƙin mallaka bayan shekara 95, shi ya sa Steamboat Willie na 1928 ya zama na kowa ranar 1 ga Janairun 2024. A lokacin, Mickey na finafinan 1928 irin wannan ne kawai ya kuɓuta, siffofinsa na baya-bayan nan da tambarin kasuwanci suna hannun Disney. Wasu sun fita tun da wuri saboda ba a sabunta rajistarsu ba, kamar Gulliver's Travels na 1939. Abin takaicin shi ne irin waɗannan su suka fi yawan munanan kwafe, tunda kowa na iya bugawa amma ba kowa ke son kashe kuɗin gyara ba.

Idan an ce an gyara fim, ai ya fi na da kyau ko?

Ba kullum ba. Fim mai minti 90 yana da hoto kusan 130,000, saboda haka ana jarabtuwa a bar wa manhaja aikin share ƙura da ƙarzuwa. Matsalar ita ce manhajar tana gane datti ne ta hanyar neman abin da ya bayyana a hoto ɗaya ya ɓace a na gaba, kuma layin mai zane a lokacin gudu ko tsalle haka yake yi. Sai ta share shi. An soki faifan Cinderella na 2012 da na The Sword in the Stone na 2013 a kan haka: ninkin tufafi ya ɓace, fuskoki sun yi sumul kamar roba. Da Disney ya sake gyara Cinderella a 2023, sai da ya sa tsofaffin masu zane a cikin aikin. Masu gyaran Yellow Submarine a 2012 kuwa tun farko suka ƙi manhajar, da hannu suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara dagula lamarin. Yanzu kowa na iya ɗaukar kwafin kaset ya sa ta ƙara masa girma da kaifi, ko ta cusa sababbin hotuna a tsakani don motsi ya yi santsi. Abin da ba ya cikin kaset ɗin ƙirƙiro shi take yi. Mai zane da gangan yake barin zane ɗaya ya tsaya tsawon hoto biyu, ya kuma karkatar da fuska a tsakiyar motsi don ido ya ji nauyin bugu. Idan na'ura ta cike waɗannan gurabe, ta ɓata lissafinsa. Wanda yake son yin haka don nishaɗinsa ya yi, amma ya rubuta a jiki, kuma ya ɗora na asalin a gefe.

Katun ɗin da suka ci mutuncin baƙar fata fa, su ma a adana su?

A adana su, a kuma faɗi abin da suke. Tun 1968 aka janye wasu gajerun katun 11 na Warner daga talabijin saboda yadda suka zana baƙaƙen fata, Disney ma ya yanke wata baƙar yarinya mai hidima daga Fantasia a 1969. Ba wanda ya ce a sa wa yara su kalla. Amma idan aka shafe su, kamfanonin ne ke cin riba, tarihinsu ya fito fes kamar ba su taɓa yi ba.

Waɗanda aka yi da kwamfuta ai ba su da matsalar lalacewa da ɓacewa?

Suna da wadda ta fi ta. A 1998 wani umarni da aka buga bisa kuskure ya share mafi yawan fayilolin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, aka duba kwafin ajiya aka tarar bai yi aiki ba. Wata ma'aikaciya, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda jego, ita ce ke da kwafi a kwamfutarta. Haka nan dubban katun da matasa suka yi da manhajar Flash sun daina buɗewa bayan kamfanin Adobe mai manhajar ya janye tallafinsa a ƙarshen 2020. Shirin Flashpoint, da aka fara a 2018, da manhajar Ruffle su ne suka tsirar da da yawa daga ciki.

Ina da tsohon kaset ko faifai da nake zaton babu irinsa. Me zan yi?

Fara bincika ko da gaske babu, da sunan fim ɗin na harshensa na asali. Idan kaset ne kuma ka ga farin fumfuna ta tagarsa, kada ka sa shi a na'ura, zai lalata kansa ya lalata ta. Kada kuma ka yi ta jinkiri, domin kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo, Funai na Japan, ya daina tun 2016. Faifan DVD ma yana ruɓewa, Warner da kansa ya amsa cewa wasu da ya buga tsakanin 2006 da 2008 sun lalace.

Wajen juyawa zuwa kwamfuta, ɗauki hoton yadda yake, kada ka yanke gefe, kada ka gyara launi, kada ka manna sunanka ko tambarinka a kai. Bar tallace-tallace da rubutun farko da na ƙarshe, da su ake gane shekara da tashar da ta nuna shi. Ɗauki hoton kwalin gaba da baya. Rubuta sunan fim, da ƙasa, da harshe, da na'urar da ka yi amfani da ita. Ajiye kwafi 3 a kan ma'aji iri 2, ɗaya a wani wuri daban da inda kake, kuma kada ka jefar da kaset ɗin bayan ka gama, wata rana za a sami na'urar da ta fi taka iya karanta shi.

Idan kuwa naɗin fim ne mai faɗin milimita 35 kuma ka ga alamar ya girmi shekarun 1950, ɗauka naitiret ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Kada ka haska shi, nisanta shi daga zafi da wuta, ka tuntuɓi ma'ajiyar finafinai ta ƙasar da kake. Ƙananan naɗi na milimita 16 da 8 kusan dukkansu a kan ledar da ba ta da wannan haɗari aka buga su.